Wai Ina Majigin Kanta?

Jama'a, yau ina da magana da malamanmu da kuma 'yan'uwana ɗalibai, kuma ba zan yi kara ba. Duk lokacin da wannan ƙungiya tamu ta kira muhawara a kan finafinai, waƙa ɗaya ake rerawa: wai Indiyawa sun ɓata mana al'ada, wai 'yan wasan Kano ba su iya kome ba sai rawa da waƙa a gindin itace. A tafa, a sha lemo, a watse. A taron da ya wuce na ɗaga hannu na ce, shin a cikin zauren nan wa ya taɓa ganin majigin Kanta na Kabi? Wuri ya yi tsit. Ni kaina da na yi tambayar, haifaffen Argungu ne, amma ban taɓa sa shi a ido ba.

Ga wanda bai sani ba, a 1978 Adamu Halilu ya shirya wani fim mai suna Kanta of Kebbi, lokacin Argungu da Birnin Kabi suna cikin Jihar Sakkwato, don sai a 1991 aka yanke Jihar Kabi. Shi Adamu Halilu ba ɗan koyo ba ne, ya daɗe yana aiki a sashen majigi na gwamnatin Jihar Arewa. Labarin da ya ɗauko kuwa ba ƙarami ba ne. Muhammadu Kanta shi ne jarumin da ya ɓalle daga Askiya na Sanwai a farkon ƙarni na 16, ya gina Surame, ya kara da Barno. Ganuwar Surame tana nan har yau, wanda ya je zai gani. Amma fim ɗin da aka yi jiya-jiya, a zamanin iyayenmu, ya fi ganuwar wuyar gani. Wannan ba abin kunya ba ne?

Kada wani ya ce mini ai tsohon fim in ya ɓata ya ɓata. Shekara biyu kafin Kanta, wato a 1976, Adamu Halilu ya yi Shehu Umar, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehun. Aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Ikko, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa, har aka fitar da rai. Sai a 2016 aka tsinci faifansa a wata tsohuwar ma'ajiyar finafinai. Cibiyar Arsenal ta Balin, a Jamus, ita ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ku dubi ikon Allah: labarin Bahaushe, cikin harshen Hausa, daga alƙalamin Firayim Ministanmu na farko, amma sai da Jamusawa suka share masa ƙura suka zauna suka kalla. Mun gode musu. Sai dai godiyar tana da ɗaci, domin mu da muka ce adabin Hausa muke karantawa, ba mu muka je nema ba.

Yanzu bari in koma ga Indiyawan da muke zagi. A kudancin Indiya akwai Tamilawa, waɗanda finafinansu ma suna cikin waɗanda ake juya wa murya zuwa Hausa, ƙannenmu suna kallo a waya. A 1952 suka yi wani fim, Parasakthi, wanda ya fito da ɗan wasa Sivaji Ganesan. Wanda ya rubuta zantukan fim ɗin, Karunanidhi, daga baya har ya shugabanci gwamnatin jiharsu. Fim ne da ya taɓa malaman addini da masu hali, aka yi ta kiran a hana shi, talakawa kuwa suka haddace zantukansa suna maimaitawa a titi. Ya girmi Kanta da shekara 26, amma har gobe Batamile yana iya kallonsa, yana jin waƙoƙinsa. In da abin koyi ne a wurin Indiyawa, to wannan ne, ba girgiza kafaɗa ba.

Batun kiɗa ma, mu yi wa yaran Kano adalci. Tun shekarun 1960 gidajen silima na Kano da Sakkwato da Zariya finafinan Indiya suke nunawa dare da rana. Da samari suka ɗauki na'urar bidiyo, daga Turmin Danya a 1990 har zuwa su Sangaya, me suka taɓa gani wanda za su kwaikwaya? Abin da ido ya saba da shi, shi hannu ke yi. Sun ɗauki fiyano saboda ba wanda ya taɓa nuna musu yadda za a sa kotso da taushi da kalangu su ɗauki labari a allon majigi. Ƙasar da ta haifi Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo ba ta rasa kiɗan da zai raka sarki zuwa fagen yaƙi ba. Wanda ya ɓoye wa yaro tuwon gida, ba shi da bakin zaginsa don ya ci na maƙwabta.

Na san abin da wasu malamai za su ce: wai majigi ba adabi ba ne, aikin 'yan sashen watsa labarai ne. Haba malam! Ashe wasan kwaikwayo adabi ne in yana kan takarda, amma da zarar an ɗauke shi a hoto sai ya tashi daga adabi? Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin digiri a kan jigo da salo na finafinan da aka yi cikin mako biyu, ana ba su maki, alhali ba a taɓa tura ko mutum ɗaya ya bi sawun wannan ba.

Saboda haka ga abin da nake nema daga shugabannin ƙungiya, kuma ina so a karanta shi a taro mai zuwa. A rage kuɗin lemo da na bugun kalanda, a tashi ɗalibai biyu da malami ɗaya su tafi Jos, inda Hukumar Finafinai ta Nijeriya take da ma'ajiyarta, su tambaya. A rubuta wa ma'aikatun al'adu na Sakkwato da Birnin Kabi, da fadar Sarkin Kabin Argungu. A nemi dattawan da suka yi aikin fim ɗin a ɗauki maganarsu, don mai shekara talatin a 1978 yau ya haura saba'in. Faifan majigi kuwa ba ya jira, zafi da laima suna cinye shi.

In an same shi, wurin nuna shi a shirye yake. Ga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, ga bikin kamun kifi wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, inda dubban mutane ke taruwa a bakin Matan Fada. A kafa farin ƙyalle bayan sallar lisha, Kabawa su zauna su ga kakansu. Ni na ɗauki alkawarin kuɗin motar mutum ɗaya zuwa Jos.