A Tace Ruwa Kafin A Zuba Magani!

Jama'a, ku kasa kunne. Maganin nan mai wari da ake zubawa a ruwan famfo, kulorin, ba shi ne abokin gabarmu ba. Shi ke kashe ƙwayar kwalara, wadda a 2021 kaɗai ta ci rayuka fiye da 3,000 a Nijeriya. Duk wanda ya ce a daina zuba shi, kabari yake haƙa mana. Amma fa akwai magana.

A 1974 wani masani a gidan ruwan Rotadam ta ƙasar Holan, Johannes Rook, ya gano cewa idan kulorin ya tarar da dattin ruɓaɓɓen ganye narke cikin ruwa, sai su haɗu su haifi waɗansu gubobi, sanannensu kulorofom. Ido ba ya ganinsu, kuma ba yau suke kayar da mutum ba. Masu bincike sun danganta shan su shekara da shekaru da ciwon dajin mafitsara.

To, ku ji yadda aka yi da ƙananan garuruwa. A 1979 Amurka ta kafa wa gubobin nan iyaka, amma sai ga gidan ruwan da ke shayar da mutum 10,000 ko fiye. Na ƙauye bai shiga doka ba sai 2004. Shekara 25! In ƙasar masu kuɗi ta yi wa ƙaramin gari haka, ina ga namu, da ba wanda ya taɓa karanta mana sakamakon awon ruwa?

Abin haushi, maganin abin ba sabo ba ne. Kowace mai kunu a kasuwa ta san shi: ruwa ya zo jajir da damina, ta jefa alif, ta bari ya kwanta, ta tsiyaye. Haka gidan ruwa ya kamata ya yi. Alif tukuna, ruwa ya kwanta, a tace da yashi, sa'an nan kulorin a ƙarshe, da awo. Datti ya ragu, maganin da ake bukata ya ragu, guba ta ragu. Kuma kada a bar ruwa ya yi kwanaki cikin tanki a tsakar rana, gama zafi da daɗewa suna ƙara ta.

Amma in kuɗin alif ya bi ta aljihun wani, yashi ya toshe ba a wanke ba, me ya rage wa lebura? Sai ya antaya kulorin cikin ruwan laka, don kada a mutu yau. Ba mu ga laifinsa ba. Laifin na mai sa hannu a takarda ne, wanda shi kansa ruwan roba yake sha.

Mu da muke biyan haraji da kuɗin rumfa muna so a riƙa auna ruwan kowane ƙaramin gidan ruwa, a liƙa sakamakon a bakin kasuwa, da boko da ajami. Ran da kansila ya zo rumfarku neman ƙuri'a, ku tambaye shi yaushe aka wanke tankin garin, kuma buhun alif nawa aka sayo bana.