A Ƙirga Itacen Da Ya Rayu

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da samarin ma'aikata, kowace damina mukan ga manyan mutane sun fito cikin manyan riguna, sun dasa itace guda a gaban masu ɗaukar hoto, sa'an nan a shelanta a rediyo cewa an dasa dubbai domin tare hamada. To, wa yake komawa da bazara, sa'ad da rana ta ƙwalle, awaki suka ji yunwa, ya ƙirga waɗanda suka rayu?

A shekarar 2007 Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Itatuwa, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda daga baya aka ɗora masa burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da kwararowar hamada ta fitar a 2020 ya nuna kimanin hekta miliyan 4 kacal aka gyara a yankin shirin. A taron Paris na Janairun 2021 aka yi alkawarin sama da dala biliyan 14. Amma muddin ana auna nasara da yawan dashe da yawan kuɗin da aka kashe, to ruwa ake zubawa a kwando.

Mu dubi manoman Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 suka daina sare tohon da ke fitowa daga kututture, suna ragewa suna reno, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya taki gona. Masana sun kiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna su tsaye. Gani ya kori ji.

Saboda haka muna kira ga mahukunta: kada a rubuta itace cikin lissafi sai ya ci rani uku. A auna damman gero da suka shiga rumbu, da zurfin ruwa a rijiya, da yawan samarin da suka fasa tafiya cin rani. A sa mutanen ƙauye cikin masu ƙirge, a kuma liƙa sakamakon a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Ku kuma samarin ma'aikata, alƙalamin rahoto yana hannunku. Kada ku sa hannu a kan itacen da idonku bai gani ba, domin talakan da yashi ya binne wa gona shi ne zai biya kuɗin wannan ƙarya.