Murar Annoba: Me Ya Sa Ta Fi Kama Matasa?

Yau za mu duba ciwon da kowa ke rainawa, wato mura. Da an ce wani yana mura sai mu ce, "Ai ba komai, ya sha shayi mai citta ya kwanta." Amma akwai murar da ta kashe mutane fiye da waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Mura iri-iri ce. Wadda muka saba da ita atishawa ce da majina, mutum yana yi yana zuwa makaranta. Wadda likitoci ke kira infuluwenza kuwa farat ɗaya take kayar da mutum: zazzaɓi mai zafi, rawar sanyi, ciwon kai, ciwon jiki, busasshen tari, ciwon maƙogwaro da kasala. Alamomin kan bayyana kwana 1 zuwa 4 bayan kamuwa, kuma mutum kan fara yaɗa ta tun kwana guda kafin ya ji a jikinsa. Idan sabuwar ƙwayarta ta ɓulla, wadda jikin yawancin mutane bai san ta ba, ta kuma bazu a duniya, shi ne ake cewa annoba.

Yanzu ku ɗauko biro ku zana jadawali: shekarun haihuwa a kwance, yawan mace-mace a tsaye. Infuluwenzar kowace shekara za ta ba ku siffar harafin U, domin ƙananan yara da tsofaffi ta fi kashewa. Annobar 1918 kuwa siffar W ta bayar, saboda wani tudu ya taso a tsakiya: majiya ƙarfi 'yan shekara 20 zuwa 40. An ƙiyasta ta kama mutum miliyan 500, ta kashe wajen miliyan 50. Wasu huhunsu kan cika da ruwa har fuska da leɓe su yi shuɗi. Mu ma ba ta bar mu ba: ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na 1918, daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa ta hauro Arewa.

A 2009 aka sake ganin irin haka da ƙwayar H1N1, wadda aka yi wa laƙabi da murar aladu. A watan Afrilu aka gano ta a Meziko da Amurka, ranar 11 ga Yuni kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annoba. Yara 'yan makaranta da matasa ta fi kamawa, kuma ban da zazzaɓi da tari, da yawa sun yi amai da gudawa. An ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda ta kashe ba su kai shekara 65 ba.

Me ya kawo haka? Jiki ba ya manta maƙiyinsa. Tsofaffi da dama sun gamu da 'yar'uwar wannan ƙwaya tun suna yara, kafin 1957, garkuwar jikinsu ta gane ta. Matasa kuwa baƙuwa ce a wurinsu. Ga kuma cunkoso: aji ɗaya, ɗakin kwana ɗaya, kofi ɗaya a bakin randa.

Saboda haka kada ƙuruciya ta ruɗe mu. Idan abokinku yana numfashi da sauri ko da ƙyar, ko ƙirjinsa na ciwo, ko leɓensa ya sauya launi, ko ya kasa shan ruwa, ko zazzaɓin ya tafi ya dawo da tari mai tsanani, ku gaya wa malami nan take a kai shi asibiti. Masu asma, masu sikila da mata masu ciki sun fi buƙatar a hanzarta. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba, a bari a yi gwaji. Kada a ba yaro asfirin. Mu riƙa tari a gwiwar hannu, mu wanke hannu da sabulu, wanda ba shi da lafiya kuma ya huta a gida har zazzaɓin ya sauka.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba da sa'ar karatu.