Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Kira ga Matasan Rawayau Kan Rediyon Oba-oba da Manhajarsa



Wanda duk yake Rawayau, ko Kurfi, ko Dutsin-Ma a watan Satumba na 2021 ba ya bukatar a ba shi labari. A wannan watan ne aka kashe ƙarafan sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina da nufin karya lagon 'yan bindiga, kuma namu biyu suna ciki. Haka aka zauna har zuwa Disamba. Waya tana hannunka amma ta zama hoto. Mai haƙuri yana asibiti a Katsina, babu halin a ji yadda ya kwana sai an tashi mutum. Ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba, wannan muhawara ce ta wata rana. Abin da ya fito fili shi ne, duk hanyar sadarwarmu aro ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Alhali akwai wata hanya da ba ta bin ƙarfen kowa. Iyayenmu sun san gajeren zango, da shi suke kama Sashen Hausa na BBC tun 1957. Muryar tana tashi daga eriya, ta bugi wani ɓangare na sararin samaniya, ta dawo ƙasa a nesa. To, a wannan zangon akwai guraben da aka keɓe wa talakawa masu sha'awar rediyo, waɗanda suke da lasisi, su yi magana da junansu ba don kuɗi ba. Suna da ƙungiyar duniya tun 1925, aka kafa ta a Faris. Kowanensu yana da lambar kira: ta ɗan Nijeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar da 5U. Da guguwar Maria ta rushe hanyoyin sadarwa a tsibirin Puerto Rico a 2017, irin waɗannan mutane aka tura suka riƙa isar da saƙonnin agaji.

Sai dai rediyon yau ba murya kaɗai ba ne. Ana haɗa shi da kwamfuta, manhaja ta mai da rubutu ya zama sauti, ta tura, wata ta karɓa ta mai da shi rubutu. Wato manhajar nan ita ce ran al'amarin. Kuma manhaja tana mutuwa. Kwamfuta tana sauyawa, sababbin rediyo suna fitowa, in babu mai bi yana gyara, wata rana sai ta ƙi tashi.

Ga misali biyu, ku auna da kanku.

Wani Bature ɗan Ingila, Roger Barker, ya rubuta manhaja mai suna UI-View, wadda take nuna inda tashoshi suke a kan taswira. Dubban mutane sun dogara da ita. Ya rasu a 2004, kuma ba a saki asalin rubutun da ya gina ta da shi ba. Daga nan ta tsaya cik. Masu son ta suna nan, masu ilmin gyara ta suna nan, amma ɗaki a kulle yake, mabuɗi ya tafi da mai shi.

A ɗaya ɓangaren, Joe Taylor na Jami'ar Princeton a Amurka, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyya a 1993, ya fitar da WSJT a 2001. A 2005 ya buɗe asalin rubutunta ga kowa. Sai masu ilmi suka shigo. Shi da Steve Franke suka fito da tsarin FT8 a 2017, wanda yake tura ɗan gajeren saƙo cikin daƙiƙa 15, kuma yake tsamo sautin da kunnen mutum ba ya iya ji a cikin shuuu ɗin rediyo. A Disamba 2021 ɗaya daga cikin ginshiƙan aikin, Bill Somerville, ya rasu. An yi rashi, amma aiki bai tsaya ba. Har ma wani, Jordan Sherer, ya ɗauki wannan rubutun ya gina JS8Call, wadda ake hira da ita a rubuce.

Mene ne bambancin? Ɗaya rijiya ce a cikin gidan mutum, ɗaya kuwa rijiyar gari ce. Lasisin da ake kira GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, sharaɗinsa ya yi kama da na wakafi: ka ɗauka, ka karanta, ka gyara, ka raba, amma in ka raba abin da ka gyara, dole ka bar shi a buɗe kamar yadda ka same shi.

To amma fa rijiyar gari ma sai ana yashe ta. Mu nan mun fi kowa sanin wannan. Famfon tuƙa-tuƙa nawa ne a ƙauyukanmu suka mutu saboda ƙaramin ƙarfe guda, kowa yana jiran wani ya gyara? Manhajar CHIRP, wadda ake saita ƙananan rediyon oba-oba da ita, ta fuskanci irin wannan. An rubuta ta da harshen kwamfuta na Python 2, wanda aka daina kula da shi a Janairu 2020. Sai da masu aikin kyauta suka zauna suka mai da ita kan Python 3. Ba don su ba, da ta bi sahun UI-View ko da yake a buɗe take. Buɗewa tana ba da damar gyara ne kawai. Gyaran kansa sai an yi gayya.

Wani zai ce, mu da muke fama da abin da za mu ci, ina mu ina wannan? Tambaya ce mai kyau. Wani kuma zai ce, a yankin da ake fama da 'yan bindiga, riƙe oba-oba ai neman fitina ne. Wannan ma gaskiya ne, kuma kada wani ya yi wasa da ita. Ba a watsa komai sai da lasisi. Ƙa'idar wannan rediyo ta hana ɓoye ma'anar saƙo, don haka duk abin da ka faɗa, aboki da maƙiyi suna ji. Ba makami ba ne, ba kuma hanyar zagaye doka ba ce. Wanda zai yi, ya yi shi a sarari, da takardarsa, da sanin hakimi da jami'an tsaro.

Amma akwai aikin da ba ya bukatar watsa komai. Na farko, koyo. Manhajojin nan kyauta ne, tsohuwar kwamfuta da ɗan faifan sola sun isa a fara. Na biyu, fassara. CHIRP da WSJT-X suna karɓar fassara zuwa wasu harsuna. Me zai hana Hausa, mai miliyoyin masu magana, ta shiga? Na uku, rubuta littafin koyarwa da Hausa mai sauƙi. Na huɗu, gwaji: in ka ga manhaja ta yi kuskure, ka rubuta wa masu kula da ita bayani dalla-dalla. Wannan ma yasa ce. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, duk a ƙofar gidanmu. Ɗalibai biyar da malami ɗaya sun isa su kafa ƙungiya, su tuntuɓi ƙungiyar masu wannan rediyo ta Nijeriya, NARS, su nemi lasisi ta hanyar da ta dace.

Ya kai ɗan'uwa, awa nawa kake ƙonawa a majalisa kana latsa waya? Ka cire biyu a mako. Wanda ya iya sauya gilashin waya a bakin kasuwa, ba karatun eriya ne zai gagare shi ba. Mutanen da muka ambata ba su jira gwamnati ko kamfani ba. Sun rubuta, sun buɗe, sun bar wa na baya. Mu kuma har yaushe za mu zauna muna ɗiba kawai, ba ma yasa?

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A fara yanzu, tun sabis yana nan.

Wassalam.