In Ɗan Shamuwa Ya Faɗo Daga Sheƙa

Da bazara ta yi nisa shamuwa kan iso daga kudu, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari. Kowa na murna da ganinta domin alamar ruwa ce. Amma iskar farkon damina ba ta da tausayi, sau da yawa gari na wayewa sai a tarar da ɗan shamuwa a ƙasa ya jiƙe sharkaf.

To, abin da akan yi masa shi ne abin takaici. Yara su ɗaure masa ƙafa da igiya, su ɗura masa tuwo da ruwa, kwana biyu ya mutu. Shamuwa fa ba ta cin hatsi. Abincinta fara ne da tsutsa da kwaɗi, watau tana rage wa manomi maɓarnatan da ke cinye masa gero tun yana ƙarami. Ruwan da aka ɗura kuwa yakan bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi. Lalle ya kamata manya su tsawata.

In bai karye ba, a sa saurayi mai iya hawa ya mai da shi sheƙarsu. Zancen da ake yi wai uwa za ta ƙi shi saboda warin hannun mutum ba gaskiya ba ne. In kuwa sheƙar ta wargaje, sai a ajiye shi cikin kwando da busasshiyar ciyawa, inda kyanwa da kare ba za su kai ba, yaran nan su riƙa kamo masa fara. Kusan wata 2 daga ƙyanƙyasa yake iya tashi, sa'an nan a sake shi ya bi 'yan'uwansa kafin su koma kudu da kaka.