Tun ran gini, ran zane

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa neman izinin gini a ma'aikatar magajin gari, da duk ma'aikacin da aka taɓa ɗora wa binciken takardun kwangila, ya san ba a aza bulo ɗaya sai an gabatar da filan. A zamanin da, mai zane yakan wuni bisa teburi da alƙalamin tawada, in gini yana da taga 40 sai ya zana taga sau 40. Yau wannan aiki ya koma cikin ordinatar, tun bayan da kamfanin Autodesk na ƙasar Amurka ya fitar da AutoCAD a ƙarshen shekara ta 1982. A cikin dabarun da ya zo da su akwai wadda ake kira bulok, wadda ya kamata mai biyan kuɗin gini ya san ta, domin tana taɓa aljihunsa.

Bulok tamkar hatimi ne. Mai zane yakan zana ƙofa sau ɗaya, ya haɗe layukanta su zama abu guda, ya laƙaba mata suna, ya zaɓi wurin da za a riƙa kama ta. Daga nan duk inda ake bukatar ƙofa sai ya kira sunan. Na'urar za ta tambaye shi abu uku: inda za a dasa ta, girmanta, da kuma inda za ta fuskanta. Siffar ta asali ɗaya ce tak a ajiye cikin zanen, sauran duk inuwarta ne. Saboda haka, idan alhajin da ke gina jerin shaguna 40 a Maraɗi ya ce a mayar da faɗin ƙofa daga santimita 90 zuwa 120, siffa ɗaya za a gyara, dukkan ƙofofin su sauya nan take. Tun fitowar AutoCAD 2006 ma, bulok ɗaya yana iya ɗaukar girma iri-iri.

Alfanu na biyu ya shafi lissafi. Ana iya maƙala wa kowane bulok bayani: lambarsa, ko na ƙarfe ne ko na katako, da farashinsa. Na'urar tana ƙidaya su ta fitar da jeri, kuma da wannan jeri ake iya tsara takardar kuɗin aiki da ɗan kwangila ke miƙawa.

Sai dai a nan ne haɗarin yake. Akwai umurnin da ke wargaza bulok ya koma layuka warwatse. A ido ƙofar tana nan daram, amma na'urar ba ta ƙara sanin ƙofa ce ba. In aka wargaza 6 daga cikin 40, lissafi zai nuna 34, kuma gyaran da aka yi wa sauran ba zai taɓa su ba. Ranar da aiki ya yi nisa sai ɗan kwangila ya dawo neman ciko. Haka kuma in aka dasa bulok biyu bisa juna a wuri ɗaya, ido zai ga ɗaya, lissafi ya ce biyu, baitulmali ko mai gida ya biya abin da ba a kafa ba.

Akwai kuma matsalar awo. Ƴan kasuwar hatsi sun san tiyar wani gari ba ita ce ta wani ba. Zanen da aka ɗauko ta intanet daga Amurka sau da yawa da inci aka yi shi, inci ɗaya kuwa milimita 25,4 ne. Ƙofar inci 36 ta ɗan haura santimita 91, amma in aka dasa ta cikin filan mai awon santimita ba tare da an juya awon ba, sai ta fito santimita 36. Wannan kuskure a fili yake. Wanda ya fi shi illa shi ne na ganganci: a rage girman gado da kujeru domin ɗaki ya yi kama da mai faɗi. Gadon santimita 140 bisa 190, in aka rage masa kashi 20 cikin 100, zai koma 112 bisa 152. Mai gida ya ga fili a takarda ya sa hannu, sai ranar tarewa gado ya hana ƙofa buɗewa.

Maganin wannan ba ya bukatar sanin na'ura. Wanda aka kawo wa filan, ya dogara ga alƙaluman awo da aka rubuta jikin bango, kada kayan ɗakin da aka ƙawata zanen da su su ruɗe shi. Ya ɗauki fensir ya ƙidaya ƙofofi da tagogi ɗaya bayan ɗaya, ya gwada da abin da ke cikin takardar kuɗi. In an yi gyara, ya nemi sabon bugu mai kwanan wata, ya tabbata shi ne ke hannun magini. Ma'aikatun gwamnati kuwa, ya dace su riƙa karɓar asalin zanen na cikin na'ura tare da na takarda, domin a can ne kawai ake gane bulok da aka wargaza ko aka ninka. Gyaran layi a ordinatar aikin minti kaɗan ne, amma fasa bangon da siminti ya riga ya kama, sai an sake sayen siminti an sake biyan magini.