Tsohon Gida Shaida Ne

Kumasi gari ne da ya san zafin rasa gini. A shekarar 1874 sojojin Ingila suka ƙone garin, suka tarwatsa fadar dutse wadda Sarki Osei Bonsu ya gama ginawa a 1822. Shi ya sa mutanen Asante suke riƙe da abin da ya rage musu da hannu biyu. Fadar Manhyia, wadda aka gina wa Prempeh na Ɗaya a 1925 bayan ya komo daga tsibirin Seshel, ta zama gidan tarihi a 1995. Ɗakunan gargajiya guda goma na ƙasa da itace da ke kewayen birnin sun shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO tun 1980. A 2024 kuma waɗansu kayan sarauta da aka kwashe suka komo Manhyia daga Ingila da Amurka.

To, ina na zongo? A nan ne abin kunya yake. Tsofaffin gidajen da suka sauki fataken goro da na shanu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Maigida ya rasu, magada su sayar, mai saye ya rushe ya kafa benen kantuna. Ba mai rubuta sunan wanda ya gina gidan, balle shekarar da aka gina shi. Kiristocin zongo kuwa suna wucewa suna cewa wannan ba ruwansu.

Da ruwansu ƙwarai. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kumasi a 1903, ciniki da ƙwadago suka yi ta jawo mutanen Arewa. Iyayen masu bi da yawa, Frafra da Kusasi da Dagarti, a irin gidajen nan suka fara ajiye tabarmarsu. A tsakar gidajen nan suka koyi Hausar da 'ya'yansu suke yin addu'a da ita yau. Masu gidajen yawancinsu Musulmi ne, amma ba su hana baƙo ɗaki ba. Wanda ya raina gidan da ya sauki ubansa, butulci ya yi.

Akwai masu cewa ai sunan wurin ma zango ne, masaukin ayari, kuma baƙo raɓa ne. Amma wace raɓa ce take kwana shekara ɗari da ɗoriya? Mai shakka ya je Kagarar Kumasi, wadda ta zama gidan tarihin soja. A yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 an kewaye Gwamna Hodgson a cikinta, tare da sojojin da ake kira Hausawa, da mai wa'azin Basel, Ramseyer, da matarsa. Ko mutum ya yabi aikin sojojin nan ko ya zarge shi, bangon yana shaida cewa sun kasance a wurin. Sabon Zongo ma, wanda aka gina bayan annobar 1924, ya girmi ƙasar Gana mai mulkin kanta.

Maganar shaida ba wasa ba ce. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar. Mutane da yawa waɗanda aka haifa a zongo suka kwashe kaya, suka sayar da gidaje a wulakance, suka tafi ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Jama'ar da ba ta da abin da za ta nuna, da sauƙi ake ce mata jiya ta zo. Takarda tana ɓata, tsoho yana mutuwa, amma gidan da ke tsaye kowa yana ganinsa. Gani ya kori ji.

Waɗansu kuma sukan fake da ibada, su ce Ikkilisiya mutane ce, ba tubali ba. Gaskiya ne. Amma Allahn da ya ketarar da Isra'ilawa Kogin Urdun shi ne ya umarci Joshuwa ya kafa duwatsu goma sha biyu, domin yara su gani su yi tambaya. Majami'ar tunawa da Ramseyer tana nan a Adum domin akwai waɗanda suka fahimci wannan. Ikkilisiyar da ta rushe ƙaramin ɗakin sujadar da iyayenta suka gina da kuɗin dako da na gadi, ba ta bar ko harsashi ba, me yaranta za su gani har su yi tambaya?

Ba a ce kowane kango a bar shi ba. Gida mai yoyo, marar makewayi, wahala ne ga mazaunansa, magada kuma suna da bukata. Amma gyara daban, shafewa daban. Dattawan Ikkilisiya su tafi wurin Sarkin Zongo da limamai, su zauna tare su zaɓi gidajen da suka fi daɗewa. A sake musu jinka ko kwano, a ɗauki hotonsu, a kafa allo mai sunan magini a ƙofa. Matasan da suka yi makaranta su zauna gaban tsofaffi da takarda da alƙalami tun suna da rai.

Asante sun yi shekara da shekaru suna neman abin da aka ƙwace musu da bindiga. Na zongo ba mai ƙwacewa, masu shi ne suke sayarwa da hannunsu, kuma abin da aka sayar aka rushe ba inda za a je a roƙo a maido shi.